Ƙarfi Ba A Sayen Sa A Kemis

Yau maganar maza na kawo muku, maganar gudu da tsalle da ɗaga ƙarfe. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan biri da gada?" To ki yi haƙuri ki bi ni a sannu, domin kuwa ƙarshen wannan magana a tukunyarmu da ɗakunanmu take faɗowa, kuma idan abin ya ɓaci mu ne ke fara zubar da hawaye.

Duk wadda take zaune a birni ta san yadda samarin yanzu suka rungumi harkar gina jiki. Da wuya ki zaga unguwa ba ki tarar da wani kango ba, an zuba siminti a gwangwanayen fenti, an soka bututun ƙarfe a tsakani, samari sun tuɓe riga suna ta nishi tun asuba. Masu hali kuma sun tafi gidajen motsa jiki na kuɗi, inda ake da madubi bango guda. Wani ƙwallo yake so ya buga har a ɗauke shi Turai, wani dambe ne a ransa, wani soja yake nema, wani kuwa ba shi da wata gasa a gabansa illa budurwa ta ga riga ta ɗame masa damtse. Ni dai ban ga aibun neman ƙarfi ba. Abin da yake damuna shi ne yawancinsu ba su san cewa abin yana da ƙa'ida ba, kamar yadda girki yake da ƙa'ida, kuma wanda ya tsallake ƙa'idar nan jikinsa ne zai biya bashin.

Kada ku ce ina mace ta san wannan. Shekara 29 ke nan ina zaune da malamin motsa jiki. Maigidana ya koyar a makarantar sakandare nan Kano har ya yi ritaya, kuma duk tsawon wannan lokaci da yamma shi ne kocin yaran unguwa, ba ko sisi. Ni na wanke rigunan wasa har hannuna ya san ƙamshin kowane fili. Ni na dafa wake tukunya-tukunya don 'ya'yan mutane. Ni na riƙe fitila ana ɗaure targaɗe a zaurenmu. Littattafan da Malam yake rubuta atisayen yara kuwa, in ya gaji ni nake karanta masa yana gyarawa. Mai zama kusa da maƙera ko bai iya ƙira ba ya san lokacin da ƙarfe ya yi ja.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin autana da na ɗan wata maƙwabciyarmu, waɗanda suka tashi tare kamar tagwaye. Lokacin Auta yana da shekara 17, siriri kamar sillen kara, amma in ya ɗauki ƙwallo sai ki rantse da zare ya ɗaure ta a ƙafa. Sai aka ce saura mako 6 wani kulob ya zo ɗibar yara. Shi kuwa abokin nasa, wanda ya girme shi da shekara biyu, cikin 'yan watanni ya cika ya batse, ƙirji kamar faifai, wuya kamar na bijimi, unguwa ta ɗauka ana ta yi masa kirari.

Ran nan ina tankaɗe sai Auta ya shigo ya tsuguna kusa da ni, yana ta murza yatsu.

Na ce, "Auta, lafiya? Faɗi abin da ke bakinka."

Ya ce, "Umma, kuɗi nake so ki ranta min, amma don Allah kada Baba ya ji."

Na ce, "Kuɗin me da ba za a gaya wa ubanka ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wata allura ce ake yi a wajen ɗaga ƙarfe. Wallahi Umma kowa yi yake. In na je wajen gwajin nan a haka, kallo ɗaya za su yi min su ce in koma gida in ci tuwo."

Na ajiye rariyar na dube shi na ce, "Ka ga, ni ban taɓa ɓoye wa mahaifinka komai a kanku ba, ba kuma yau zan fara ba. In ya dawo daga masallaci tare za mu same shi."

Da Malam ya ji, bai yi faɗa ba. Shiru ya yi har na fara tsorata, sannan ya tashi ya ɗauko sabon littafi mai layi, ya rubuta sunan yaron a bango, ya ce, "Daga gobe ni zan horar da kai da kaina. Amma ka sani, mako 6 ba ya gina jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka yarda mu yi aikin shekara, bismilla. In allura kake so, sai dai bayan raina."

Abu na farko da ya koya masa shi ne ƙarin nauyi sannu a hankali. Jikin ɗan Adam, in ji Malam, kamar ɗan aike ne mai wayo: in ka ba shi aikin da ya saba ba zai ƙara komai ba, in ka ɗora masa wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba sai ya karye, amma in ka ƙara masa kaɗan bisa abin da ya saba, ka bar shi ya huta, sai ya gyara kansa ya dawo da shirin ɗaukar wannan sabon nauyin. Yakan ba yara labarin wani ɗan kokawa na ƙasar Girka ta dā mai suna Milo, wanda ya rayu fiye da shekara 2,500 da suka wuce, ya ci gasar Olamfik sau 6. Ana ba da labari wai kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗauke da bijimi. Yara kan fashe da dariya su ce, "Malam, Milo na shayi?" Shi kuma ya ce ai daga sunan mutumin nan aka samo sunan abin shan. A zamanin nan kuma wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya fito da abin a rubuce a 1945, lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga cewa idan aka riƙa ƙara musu nauyi daki-daki, ƙafafun da suka shanye suna dawowa da sauri.

Yadda Malam yake yi shi ne, idan yaro yana ɗaga wani nauyi sau 10, har ya kai yana iya ƙara ɗaya ko biyu a kai ba tare da ya karkace ba, to sai a ƙara masa nauyin da kamar kashi 2 zuwa 10 cikin 100, ba fiye ba. Komai a rubuce: ranar, nauyin, sau nawa, da yadda yaron ya ji. Yakan ce wanda ba ya rubutawa wasa yake yi, domin zuciya tana ƙarya amma littafi ba ya yi. Ya kuma gaya wa Auta gaskiyar da samari ba sa son ji, cewa ƙarfin da mutum yake samu a makonnin farko yawancinsa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne da suke koyon yadda za su sarrafa tsokar, ita kuwa tsokar sai an yi wata biyu zuwa uku ana abu ɗaya kafin ido ya fara ganin ta ƙaru.

Wata guda cur Auta bai taɓa ƙarfe ba. Da nauyin jikinsa kawai yake aiki: ya tsuguna ya miƙe bayansa a tsaye, ya kifa ciki ya dafa ƙasa yana ɗaga jiki, ya kama reshen darbejiyar ƙofar gida ya ja kansa har haɓarsa ta wuce, ya tsaya da ƙafa ɗaya idonsa a rufe. Yaro ya yi ta ƙunƙuni wai an mai da shi ɗan firamare. Malam ya ce wanda bai iya tsuguno da jikinsa kaɗai ba, in aka ɗora masa ƙarfe a wuya kwankwasonsa ne zai ɗauki abin da cinya ta kasa. A nan bari in cire wa iyaye wani tsoro. Ana yawan cewa ɗaga ƙarfe yana tsumburar da yaro ya hana shi tsawo. Likitocin yara sun bincika ba su sami haka ba, matuƙar akwai babba masani a kansa kuma nauyin daidai da shi ne. Abin da yake ji wa yara rauni shi ne gasar "wa ya fi wa" a kango, babu mai kula, babu mai cewa ya isa.

Abu na biyu, kowane wasa da irin horonsa. Wannan shi ne inda samarinmu suka fi ɓata. Sai ki ga ɗan ƙwallo ya shekara yana gina ƙirji da damtse saboda su ne madubi yake nunawa, ƙafafu kuwa kamar na zalɓe. Alhali ɗan ƙwallon da ya ƙware yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya na minti 90, yana gudu yana tsayawa, yana juyawa yana tsalle. Abin da yake bukata shi ne cinya gaba da baya, da ƙugu, da tsokar ciki da ta gadon baya, da numfashi mai tsawo, da zafin nama. Ɗan dambe ma da ake ganin hannu ne makaminsa, ƙarfin naushinsa daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafa, ya bi ƙugu, sannan ya fita ta hannu. Shi ya sa Malam yake kai Auta matakalar Dutsen Dala sau ɗaya a mako, ya hau da gudu ya sauko da tafiya, wata rana kuma gudun mita 20 ko 30 da iyakar ƙarfinsa, ya huta sosai, ya sake.

Hatta yawan ɗagawa ya danganta da abin da ake nema. Mai son tsantsar ƙarfi yana ɗaga abu mai nauyi sosai sau 1 zuwa 6, ya huta minti 2 zuwa 5 kafin ya sake. Mai son tsoka ta cika yana ɗaga matsakaici kamar sau 6 zuwa 12. Mai son juriya yana ɗaga mara nauyi sau 15 ko fiye. Kin ga ke nan wanda ya shiga kango yana kwaikwayon na kusa da shi, bai san me wancan yake nema ba, kamar wadda ta leƙa tukunyar maƙwabciya ta ga ana zuba kanwa ita ma ta zuba a shayi.

Abu na uku shi ne hutu, kuma a nan ne aka fi kai ruwa rana a gidanmu. Auta gani yake in ya kwana ɗaya bai yi atisaye ba an wuce shi. Malam ya zaunar da shi ya ce, "A fili kana rushe gini ne, a kan katifa ake sake gina shi." Domin aiki mai tsanani yana gajiyar da tsoka har ya yi mata ƙananan raunuka da ido ba ya gani, sai an ci an yi barci jiki yake ɗinke su ya ƙara musu kauri. Don haka tsokar da aka wahalar yau ana ba ta kamar awa 48 kafin a sake matsa mata, kuma a mako akwai rana guda da ba a yin komai. Barci kuwa, masana sun ce yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. To ina yaron da yake kan waya har ƙarfe biyu na dare zai same su? Wannan aikin ni aka ba. Ƙarfe goma na yi zan tsaya a ƙofar ɗakinsa in miƙa hannu. Ya ce, "Haba Umma, saura kaɗan." In ce, "Kawo, ai kai ka ce Turai za ka." A ƙarƙashin matashina wayar take kwana. Malam ya kuma koya min alamomin wanda ya wuce gona da iri: yawan fushi, rashin cin abinci, kasa barci duk da gajiya, mura a kai a kai, da ciwon gaɓa da ya ƙi tafiya. In na ga biyu daga ciki sai in rada masa, shi kuma ya rage aikin makon ba tare da yaron ya san daga ina labarin ya fito ba.

Abu na huɗu namu ne mu mata, wato tukunya. Ba sai da gwangwanin garin da ake sayarwa da tsada ba. Masana abincin 'yan wasa sun ce mai horo sosai yana bukatar giram 1.2 zuwa 2 na sinadarin gina jiki, wato furotin, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Yaro mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 120. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Busasshen wake giram 100 yana da fiye da giram 20, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya fi su duka. Kin ga ke nan ƙosai da alale, da ɗan wake, da awara, da ƙuli-ƙuli, da kunun gyaɗa, da fura da kindirmo, da ɗan busasshen kifi a miya, in an rarraba su safe da rana da dare sun isa su gina ɗan wasa. Tuwo da shinkafa da dankali su ne man da injin yake ƙonawa, kada a rage masa su. Ga zogale da sauran ganye da 'ya'yan itatuwa gwargwadon hali. Ban ce abin yana da sauƙi ba a wannan tsadar, domin ni kaina na sha rage kuɗin anko don in sayi mudun wake. Amma ko kusa bai kai kuɗin asibiti ba.

Sai ruwa. A zafin Kano na watan Afrilu da rana takan wuce digiri 40, yaro yana iya zubar da gumi mai yawa cikin awa guda, kuma da zarar ya rasa kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa sai gudu ya ragu, tunani ya dushe. Malam yakan ce su duba fitsarinsu: in ya yi duhu kamar shayi ruwa ya yi ƙaranci, in ya yi haske to an sha daidai. Da azumi kuwa yakan mai da atisaye mai nauyi bayan an sha ruwa, ko a yi mara nauyi dab da magariba, a rage yawansa, amma ba a dainawa gaba ɗaya.

Abu na biyar, ɗumama jiki kafin a fara. Yaranmu suna sauka daga acaɓa ko Keke su faɗa fili su narka wa ƙwallo duka, tsoka a sanyaye. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fito da wani tsari a 2006 mai suna 11+, minti 20 ne kacal na sassarfa da tsalle da tsayuwa da ƙafa ɗaya da ƙarfafa bayan cinya. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a wajen waɗanda suka bi shi. Minti 20 fa, ba kuɗi, ba kayan aiki. Kuma kafin yaro ya shiga horo mai tsanani a kai shi likita ya saurari zuciyarsa. Manyanmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai sake tashi ba, aka ce zuciya ce. Duk yaron da yake jin ciwon ƙirji ko jiri ko ya taɓa suma yana gudu, a dakatar da shi sai likita ya duba. Rigakafi ya fi magani.

Abu na shida, shekara tana da lokuta. Turawa sun rubuta littattafai a kan raba horo zango-zango, amma Malam yakan ce kakanninmu sun riga su aikatawa. Ɗan kokawa da ɗan damben ƙauye da damina yana gona, yana huɗa yana noma yana ɗaukar dami, nan ne yake tara ƙarfi. Da kaka, an girbe an ƙoshi, sai a buga ganga a shiga fili. In lokacin ya wuce a huta. Har gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi da ake yi a Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, daga wannan al'ada ta kaka ta samo tushe. Haka Malam ya raba wa Auta shekara: watannin tara ƙarfi da numfashi, sannan watannin mai da ƙarfin nan ya zama sauri, sannan lokacin gasa da ake rage nauyi don ƙafa ta yi sauƙi, sannan 'yan makonni na hutu. Ya ja masa kunne kuma cewa ƙarfi baƙo ne, in ka daina kula shi sai ya kama hanya. Mako biyu zuwa huɗu na zaman banza sun isa numfashi ya fara raguwa.

To, ranar gwaji ta zo, Auta ya je, ba a ɗauke shi ba. Ya dawo ya shige ɗaki ya rufe, kwana uku ba ya yi wa ubansa magana sai gaisuwa. Na ji shi yana gaya wa yayarsa wai Baba ya kashe masa rayuwa da littafi da biro. Wallahi abin ya taɓa ni, domin ba abin da ya fi ciwo kamar ki tsaya tsakanin mijinki da ɗanki, kowa yana kallonki. Na shiga na zauna bakin katifarsa na ce, "Auta, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ubanka ya ce maka shekara, ka ba shi shekarar." A rana ta huɗu da asuba na ji ƙarar ƙofa, na leƙa, sai na ga su biyu sun fita, uban na riƙe da littafin. Da shekara ta zagayo aka ɗauke shi a wani ƙaramin kulob. Bai je Turai ba, kada in yi muku ƙarya. Ya buga shekarun da Allah Ya rubuta masa ba tare da mummunan rauni ba, ya yi karatunsa, yanzu shi ne yake riƙe da yaran unguwa da littattafan ubansa.

Shi kuwa abokin nasa, Allah Sarki. An yi bikinsa da wata yarinya mai hankali, 'yar mutunci. Shekara ɗaya, biyu, uku, shiru babu ko ɓari. Kun dai san halinmu, nan da nan aka juya kan amarya. An kai ta wajen masu magani, ta sha saiwa ta sha rubutu, dangin miji suna ta habaici, har an fara neman wadda za a kawo mata a matsayin kishiya. Ga shi kuma ya zama mai saurin hannu, abu kaɗan sai tsawa, ƙuraje sun cika masa baya, ƙirjinsa ya fara kumburi irin na mata har ya daina tuɓe riga. Uwarsa ta zo wajena da dare tana kuka ta ce, "Maman Auta, ki taimake ni, an yi wa ɗana asiri." Na ce, "Hajiya, kafin a zargi kowa, a kai su asibiti su biyun, shi ma a gwada shi." Da ƙyar Malam ya lallashe shi ya je. Likita na ganin sakamakon ya tambaye shi, "Kana yin allurar gina jiki?" Sai ya sunkuyar da kai.

Ga yadda abin yake, don kowace uwa ta sani. Allurar nan da ƙwayoyin da ake kira sitiroyid suna kwaikwayon sinadarin da yake sa namiji ya zama namiji. In ya yi yawa a jini sai ƙwaƙwalwa ta ga ai akwai, ta daina umartar maraina su yi nasu, sai su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke. Ban da wannan suna taɓa hanta, suna hawar da jini, suna lalata zuciya, kuma in yaro bai gama girma ba suna iya rufe masa ƙashi ya tsaya a nan. Ga haɗarin allura ɗaya da mutum biyar suke karɓa-karɓa. Wasu in sun daina jikinsu yana dawowa bayan watanni ko shekara ko fiye, wasu kuwa sai an daɗe ana magani. Shi dai ya daina, yana ganin likita, kuma maganar kishiya ta mutu. Amma wa zai biya yarinyar nan hawayen shekara uku?

Ko a duniyar wasa ma wannan hanya ba ta ɓullewa. A gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, Ben Johnson na Kanada ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, duniya ta ɗauka, bayan kwana 3 aka ƙwace lambar zinaren saboda an sami sitiroyid a fitsarinsa. A 1999 aka kafa hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, kuma daga ranar 1 ga Janairu 2024 ta haramta tiramadol a lokacin gasa. Wannan tiramadol da wasu yaranmu suke haɗiya wai don kada su gaji, ba ƙarfi yake ƙarawa ba, ciwo yake ɓoyewa, mutum ya yi ta taka rauni bai sani ba, daga nan kuma ya zame masa jaraba.

Kafin in ajiye alƙalami, mu ma mata kada mu ce wannan karatu na maza ne. Iyayenmu sun yi daka, sun yi niƙa, sun ja guga, sun ɗauki tulu, jikinsu ya ginu ba su san sunan abin ba. Mu kuwa inji ya karɓe daka, famfo ya karɓe rijiya, sai ciwon gwiwa da na baya tun muna da ƙuruciya. Daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa a hankali ga wanda ba ya aiki da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce babban mutum, mace ko namiji, ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, da kwana 2 ko fiye na ƙarfafa tsoka. A cikin ɗakinki ma za ki iya: ki zauna a kujera ki miƙe sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba, ki dafa bango ki tura, ki ɗaga jarkar ruwa, ki ƙara kaɗan-kaɗan. Ni da Malam da sanyin safiya muke zaga tsakar gida, jikoki suna yi mana dariya.

Don haka 'yar'uwa, in ɗanki ya ce ƙarfe zai ɗaga kada ki hana shi, amma ki tambayi wa yake koya masa, kwana nawa yake hutawa, ƙarfe nawa yake barci. Ki lura da jikinsa, in ya kumbura cikin wata biyu kamar an hura balan-balan ki bincika aljihunsa da ƙarƙashin katifarsa. Ke kuma budurwa, in saurayi ya zo zance da ƙirji kamar ƙofar gari, ba laifi ki yaba, amma ki sa wanki ya bincika miki inda ya samo shi. Ku kuma samari, sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ƙarfi mai amfani da lafiya mai ɗorewa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.